An sallame ni bayan shekara 19 ina aikin gwamnati: wane tallafi ya kamata mu samu?

Akawu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a wannan zaure ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya zo kaina. Mako uku ke nan da aka sallame ni, ni da abokan aikina da dama, bayan shekara 19 a sashen kuɗi. Ba a ce mun yi laifi ba. An ce an haɗe sashenmu da wani, kujeru sun yi yawa.

Ranar na je ofis kamar kullum, na zauna na kunna kwamfuta, sai ta ƙi karɓar lambar sirrina. Na gwada sau uku. Ina shirin kiran yaron da ke duba mana ita sai masinja ya shigo da ambulan, ya ajiye a gefen tebur, ya kasa haɗa ido da ni. Takardar layi shida ce. An gode mini, an ce za a biya ni haƙƙina nan gaba. Babu rana, babu adadi, babu sunan wanda zan tuntuɓa. Na zuba kofina da hoton yarana a leda na fito, mai gadin da ya saba gaishe ni da suna ya karɓi katin shaidata a bakin ƙofa.

Ba na musun cewa gwamnati na da ikon rage ma'aikata. Tambayata ita ce, wanda aka rage, me ya kamata a yi masa? Daga gwamnati, daga ƙungiyar ƙwadago, daga mu kanmu. Kuma ni yanzu daga ina zan fara?

Lauyar Ma'aikata:
Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Kafin muhawara ta yi nisa bari in faɗa maka abin da ba ya jira.

Kada ka sa hannu a kowace takarda da za a kawo maka sai wanda ya san dokar aiki ya karanta ta. Sau da yawa a ƙasan takardar karɓar kuɗin sallama ake cusa layin da ke cewa ka yafe duk wata ƙara. Sannan ka tattara takardunka tun yau: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, na ƙarin girma gaba ɗaya, takardun albashi na watannin ƙarshe, bayanin asusun fansho, da ita kanta takardar sallamar. Ka yi musu kwafi, ka ɗauki hotonsu a waya. Idan akwai hutun da ba ka ci ba ko alawus da ake riƙe maka, rubuta su da kwanan wata.

Abu mafi hatsari shi ne wa'adi. Kusan ko'ina akwai kwanakin da aka ƙayyade na ƙalubalantar sallama, kuma gajeru ne. A Amurka, misali, kwana 30 ne ma'aikacin tarayya ke da shi ya kai kuka gaban hukumar da ke sauraron irin wannan ƙara. Mutane na zama a gida suna jimami, kafin su farga ƙofa ta rufe. Gobe ka nemi sanin naka wa'adin.

Akawu:
Na gode Barista. Takardar ƙarin girmana ta ƙarshe tana cikin fayil ɗina a ofis, ban taɓa tunanin in riƙe kwafi ba.

Lauyar Ma'aikata:
Rubuta musu wasiƙa ka nemi kwafi, ka sa a buga maka hatimin karɓa a jikin taka. Kada ka tsaya ga magana ta baki.

Mai Shago Biyu:
Malam Akawu ina taya ka jaje, kuma wallahi ba da izgili nake wannan magana ba. Amma ku bar ni in faɗi abin da mutane da yawa ke faɗa a ɓoye. Ni ban taɓa cin albashin gwamnati ba. Na taɓa karyewa a kasuwa, babu wanda ya ba ni garatuti, babu fansho, babu ƙungiyar da ta yi yajin aiki domina. Kullum kamfanoni na sallamar mutane, shiru kake ji. Me ya sa idan ma'aikacin gwamnati ne sai a ce a ware masa tallafi na musamman, da harajin da mu muke biya? Kuma mu faɗi gaskiya, akwai ofisoshin da za ka je ka tarar da mutum goma a kan aikin mutum uku, ga ma'aikatan bogi ana ta biyansu. Kuɗin da ya kamata ya tafi asibiti da makaranta albashi ke cinyewa. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ɗan Ƙwadago:
Alhaji, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Ma'aikacin bogi suna ne a takarda, wani babba ke karɓar kuɗinsa. A goge shi yau, ƙungiya ba za ta ce uffan ba. Malam Akawu mutum ne da ya yi shekara 19 yana zuwa ofis. Kuma abin da yake nema ba sadaka ba ce. Fansho da garatuti albashinsa ne da aka jinkirta, wani ɓangare ma daga aljihunsa aka riƙa cirewa duk wata.

Duniya ta daɗe da shata layi a kan wannan. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 158 ta shekarar 1982. Abin da ta ƙunsa: kada a sallami ma'aikaci sai da dalili karɓaɓɓe, a ba shi sanarwa a kan lokaci ko kuɗi a madadinta, a ba shi kuɗin sallama ko tallafin rashin aiki, a ba shi damar kai ƙara, sannan idan ragi ne na mutane da yawa a zauna da wakilan ma'aikata tun kafin a yanke hukunci. Ƙasashe irin su Faransa da Nijar da Kamaru sun rattaba hannu. Wannan tsari na kowa ne, har da ma'aikatan kamfanonin da ka ambata. Idan an hana su, sai mu nema musu, ba mu ƙwace na wasu ba.

Mai Shago Biyu:
Na yarda da biyan abin da mutum ya tara. Abin da ban gane ba shi ne ƙari a kan wannan.

Tsohon Darakta:
Ɗana, bari in amsa maka a matsayin wanda ya taɓa zama a ɗaya ɓangaren tebur. Na yi shekara 35 a aiki, kuma sau ɗaya an ba ni jerin sunaye an ce in sa hannu. Har yau ina tuna wasu daga cikin sunayen.

Ka yi gaskiya, akwai cunkoso a wasu ma'aikatu. Na gani da idona. Amma akwai abin da ya bambanta gwamnati da kamfani. Ita ce mai ɗaukar aiki, ita ce mai yin doka, ita ce kuma wadda za a kai ƙara gaban kotun da ta kafa. Idan kamfani ya riƙe haƙƙinka kana da inda za ka kai kuka. Idan gwamnati ta riƙe fa? Ma'aikatan kamfanin jiragen saman Nijeriya da aka rushe a 2003 sun yi shekara 15 suna bin ragowar haƙƙinsu kafin a saki wani kaso a 2018, da yawansu sun rasu suna jira. To wanda ƙarfinsa ya kai haka, nauyin da ke kansa ma ya fi.

Na biyu, ƙwarewar. Mutumin da ya shekara ashirin yana shirya kasafin ma'aikata ko yana duba dokokin kwastan, a wajen gwamnati wa ke sayen wannan ilimi? Ita ta horar da shi domin kanta. Ɗan kasuwa in ya karye a hatsi yana iya komawa yadi, domin ciniki ya iya. Wannan kuwa sai ya koyi sabuwar rayuwa yana da shekara hamsin.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma ya shafe ka kai tsaye. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin ƙanƙanin lokaci, da yawa a rediyo suka ji sunayensu. Akwai masu laifi a ciki, babu shakka, akwai kuma waɗanda ba a taɓa sauraronsu ba. Magabatanmu a aiki sun sha gaya mana darasin da waɗanda suka tsira suka ɗauka: tunda ana iya wayar gari a kore ka ba ko sisi, to ka tara naka tun kana kan kujera. Wanda ya rage a ofis yana kallon yadda aka yi da wanda ya fita. Idan ya ga an wulaƙanta shi, gobe in ka je neman takarda a wurinsa kai za ka biya kuɗin wannan tsoron.

Mai Shago Biyu:
Baba, wannan na ƙarshen ban taɓa duba shi ta nan ba. Amma har yanzu ina da tambaya: akwai ƙasar da ta taɓa rage ma'aikata ba tare da wannan kuka ba? Ko dai kullum ƙungiya za ta ce a'a ne kawai?

Tsohon Darakta:
Kuka ba ya ƙarewa, amma akwai bambanci. Dubi Kanada. A kasafin 1995, zamanin Firayim Minista Jean Chrétien da ministan kuɗinsa Paul Martin, an sanar da rage guraben aiki 45,000 cikin shekara uku. Ba ƙaramin ragi ba ne. Amma sun fara da duba ayyukan kansu, wanne gwamnati za ta ci gaba da yi, wanne za ta bari. Sannan suka buɗe ƙofa biyu: ritaya da wuri ga waɗanda suka manyanta ba tare da an zaftare musu fansho ba, da dunƙulen kuɗi ga wanda ya yarda ya tafi da kansa. Har yanzu a tsarinsu akwai musanya: idan an soke kujerarka kana son zama, wani kuma kujerarsa na nan amma yana son tafiya, kuma kun dace da aikin juna, sai ku yi musanya, shi ya karɓi kuɗin sallama kai ka hau kujerarsa. Wannan ba ya ƙara wa gwamnati ko mutum ɗaya, amma ya ceci gida guda.

Abin da nake so a riƙe shi ne, kuɗin sallama a ware shi kafin a buga takardar sallama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin da ba ta da kuɗin biyan waɗanda za ta sallama, ba ta shirya sallamar ba tukuna.

Yaya daga Amurka:
Sannunku. Ni ina zaune a Amurka, kuma abin da Malam Akawu ya ba da labari na kwamfuta ta ƙi buɗewa, haka ya faru da mutane da dama a nan a 2025. Ranar 28 ga Janairu aka tura wa ma'aikatan tarayya saƙon imel ana yi musu tayin su ajiye aiki a ci gaba da biyansu har ƙarshen Satumba. Gwamnati ta ce kimanin 75,000 suka karɓa a zagayen farko. A Fabrairu aka sallami dubban sababbin ma'aikata da ba a kai ga tabbatar da su ba. Hukumar USAID kuwa, mai kai agajin Amurka ƙasashen waje, rushe ta aka yi. Saboda gaggawa har ma'aikatan da ke kula da makaman nukiliya aka sallama, cikin kwanaki aka dawo ana nemansu.

Ta fuskar tallafi, ga abin da na ga ya yi amfani. Akwai kuɗin rashin aikin yi da ma'aikacin tarayya ke nema ta hannun jihar da ya yi aiki, ana biyansa mako-mako na wani lokaci. Bai kai albashi ba ko kusa, amma yana riƙe haya. Inshorar lafiya tana ci gaba kwana 31 kyauta, bayan nan mutum na iya riƙe ta har wata 18 amma shi zai biya duka, wanda ya fi ƙarfin mutane da yawa. Sai jihohi suka shigo: Maryland, inda ma'aikatan tarayya ke da yawa, ta buɗe shafi na musamman ta kuma sauƙaƙa musu hanyar shiga koyarwa, New York da Hawaii suka yi shelar ɗaukarsu aiki.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da mutane suka yi wa junansu. Wata maƙwabciyata da aka sallama, tsoffin abokan aikinta suka haɗa jerin sunaye a intanet, kowa da ƙwarewarsa, suna turawa kamfanoni. Wasu lauyoyi suka ba da shawara kyauta. Ita da ta shekara 14 ba ta rubuta takardar neman aiki ba, wata ce ta zauna da ita daren Asabar suka mayar da yaren ofis zuwa yaren da kamfani ke ganewa. Inda ta rubuta sunan fom ɗin da take cikewa, suka mayar da shi "kula da kwangiloli da bin diddigin kashe kuɗi". Aiki ɗaya ne, amma yanzu mai karantawa ya gane.

Ɗan Ƙwadago:
Yaya, kin taɓo inda nake so a je. Haɗin kai. A Girka, lokacin tsuke bakin aljihu, an sallami mata 595 masu shara a ma'aikatar kuɗi a 2013. Su ne mafi ƙanƙanta a ma'aikatar, ba wanda ya ɗauka za su yi wani abu. Suka kafa tanti a bakin ma'aikatar a Atens, suka ɗauki jan safar hannu ta roba a matsayin alamarsu, suka zauna wata da watanni. A 2015 aka mayar da su aiki. Gidan rediyo da talabijin na ƙasar ma da aka rufe dare ɗaya a Yunin 2013 da ma'aikata kimanin 2,600, an sake buɗe shi a 2015. Da kowace cikin matan nan masu shara ta tafi gida da takardarta ita kaɗai, da shi ke nan.

Malam Akawu, ku nawa ne? Kuna da lambobin juna?

Akawu:
A sashenmu mu 23 ne. Tun ranar ba mu haɗu ba. Gaskiya kowa kunya yake ji.

Matar Ma'aikaci:
Wannan kalma ta kunya ita ta sa zan yi magana, da na yi niyyar shiru. Maigidana an sallame shi shekara huɗu da suka wuce, kuma ya yi wata biyu bai gaya mini ba. Kullum da safe zai yi wanka, ya sa kayan da na goge masa, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ashe ɗakin karatu yake zuwa ya zauna har lokacin tashi. Na gane ne ranar da na ɗauko jakar zan goge ta, na ji ba nauyi, na buɗe na tarar ba komai sai takardar sallamar an ninke ta huɗu, har gefenta ya fara yagewa saboda yawan buɗewa. A cikin wata biyun nan ya ci bashi har wuri uku don kada in ga canji a gida.

Ban yi fushi da sallamar ba kamar yadda na yi baƙin cikin wata biyun da ya ɗauka shi kaɗai. Da na sani tun ranar farko, da mun rage abin da za mu rage, da ba a ci bashin ba. Malam, idan ba ka gaya wa iyalinka ba, ka gaya musu yau. Yara ma a gaya musu daidai hankalinsu, suna gani ai.

Ku kuma da ke da ɗan'uwa a wannan hali, ku daina tambayar "an samu wani abu?" duk haɗuwa. Tambayar nan tana yanka. Wanda ya fi taimakon maigidana tsohon abokin aikinsa ne da ke zuwa duk Laraba da yamma su fita tafiyar ƙafa, ba ya tayar da zancen aiki sai in shi ya tayar. Shi ne kuma daga baya ya ji labarin gurbi ya kai sunansa.

Akawu:
Hajiya, kin yi magana kamar kina gidana. Uwargida ta sani, amma mahaifiyata ba ta sani ba. Jibi zan je.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku ƙara da lafiya cikin lissafi, don ana mantawa da ita. Wasu masana tattalin arziki biyu, Daniel Sullivan da Till von Wachter, sun bi diddigin maza da suka daɗe a aiki aka sallame su a ragin ma'aikata a jihar Pennsylvania. A binciken da suka wallafa a 2009 sun gano cewa a shekarar farko bayan sallama, hatsarin mutuwa ya ƙaru da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari a kan na takwarorinsu, kuma ko bayan shekara 20 bai koma daidai ba. Ni a wurin aiki abin da nake gani shi ne mai hawan jini ya daina sayen magani don ya biya kuɗin makaranta, sai a kawo shi a kwance. Duk tsarin tallafin da ya yanke inshorar lafiya ranar da ya yanke albashi, bai cika ba. Malam, idan kana shan wani magani kada ka tsaya. Idan barci ya ƙaurace maka fiye da mako biyu, ko ka ji rayuwar ta fita ranka, ka ga likita, ba gazawa ba ce.

Mai Shago Biyu:
Jama'a na saurara, kuma na sauko daga inda na fara. To amma ga shawarata a matsayina na ɗan kasuwa: a ba mutum kuɗinsa dunƙule ya ja jari. Wannan ɗigo-ɗigon na wata-wata ba ya gina komai.

Tsohon Darakta:
A nan kuma zan saɓa maka, ɗana. Na ga dunƙulen kuɗi ya narke a hannun mutanen kirki fiye da yadda zan ƙirga. Mutum bai taɓa sayar da ko allura ba, sai ya ji kuɗi a asusu, washegari masu shawara sun cika masa falo. Wannan ya ce motar haya, wancan ya ce kiwon kaji, wani ya ce akwai inda ake ninka kuɗi duk wata. Ga 'yan'uwa da suka ji an biya shi. Cikin shekara ɗaya ba kuɗi ba aiki. Kai ka iya kasuwa don ka faɗi ka tashi a cikinta tun kana yaro. Shi faɗuwa ɗaya gare shi.

Mai Shago Biyu:
To sai a koya musu. Ba ga shirye-shiryen koyar da sana'a ba?

Ɗan Ƙwadago:
Ya danganta da irin koyarwar. Na halarci wadda aka tara mutum ɗari biyu a zaure kwana uku, aka karanta musu takarda, aka ba su shaidar halarta, aka ɗauki hoto. Wannan ba koyarwa ba ce. Ghana ta kafa shirin PAMSCAD a ƙarshen shekarun 1980 don rage raɗaɗin gyaran tattalin arziki, har da waɗanda aka sallama, amma babban sukar da aka yi masa shi ne ya zo bayan an riga an yi ragin, kuma kuɗinsa sun yi jinkirin isa. Caina, da ta sallami miliyoyin ma'aikatan kamfanonin gwamnati a ƙarshen shekarun 1990, ta kafa cibiyoyi da ke ba mutum kuɗin riƙe kai har shekara uku, suna biya masa inshora, suna nema masa aiki. Ba ko'ina ya yi aiki daidai ba, mutane sun sha wuya ƙwarai, amma tunanin daidai ne: a riƙe mutum da abin masarufi lokacin da yake koyo. Mai yunwa ba ya zama a aji. Kuma koyarwar ta kasance akwai mai ɗaukar aiki a ƙarshenta, ba a koya wa mutum ɗari sana'a ɗaya a gari ɗaya ba.

Lauyar Ma'aikata:
Tsakanin Baba da Alhaji akwai hanya ta tsakiya, wasu dokoki ma sun bi ta. A dokar fansho ta Nijeriya ta 2014, wanda ya rasa aiki kafin shekara 50 kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na asusunsa, sauran ya jira shi. Kowa ya duba ko ƙasarsa na da irin wannan. Sai dai a tabbatar ma'aikatar ta zuba duk abin da ta cire, don sau da yawa a nan ake tarar da rami: an cire a takardar albashi, bai shiga asusu ba. Malam Akawu, kai ma'aikacin kuɗi ne, ka fi kowa iya gano wannan. Ka duba naka, ka duba wa sauran 22 ɗin.

Idan kuma akwai bashin banki da ake cira daga albashi, ka je da kanka kafin su neme ka. Ka kai takardar sallama, ka nemi a sake tsara biyan a rubuce.

Mai Shago Biyu:
Baba na karɓi gyara a kan dunƙulen kuɗi, ko da yake har yanzu ina ganin wanda aka sallama babba ne, a bar masa zaɓi. Malam Akawu, ni abin da zan iya shi ne wannan. Mu 'yan kasuwa da yawa littafinmu a hargitse yake, lokacin haraji sai mu rasa inda muka dosa. Ni kaina ina neman wanda zai riƙa daidaita mini lissafi kwana biyu a wata, kuma na san wasu huɗu ko biyar masu irin buƙatata. Ba albashin gwamnati ba ne, kuma ba taimako nake yi maka ba, aiki ne zan biya. Idan kana so ka yi mini magana ta gefe.

Yaya daga Amurka:
Ni kuma turo mini takardar tarihin aikinka in duba maka ita. Na abokan aikinka ma, in sun yarda.

Akawu:
'Yan'uwa, na dawo bayan kwana biyar. Na je wurin mahaifiyata, ta yi shiru ta daɗe, sannan ta tambaye ni ko na ci amanar wani a aikin, na ce a'a, ta ce to ka ɗaga kanka. Na kai wasiƙar neman kwafin fayil, an buga mini hatimi. Na kira abokan aikina ɗaya bayan ɗaya, 17 sun amsa, mun haɗu jiya. Biyu a cikinsu har sun sa hannu a wata takarda da aka kira su aka ba su, ba su riƙe kwafi ba. Da muka jera bayanan fanshonmu muka tarar wata bakwai an cire ba a zuba ba, ga kowa da kowa.

Barista, mun rubuta wasiƙa ɗaya da sunanmu duka muna neman a ba mu rana da adadi a rubuce. Zan turo miki ita yau da dare kafin mu kai. Ɗan'uwa na ƙwadago, muna son wani daga ƙungiya ya raka mu ranar Litinin. Sauran mutum biyar ɗin da ba su ɗaga waya ba, mun raba su a tsakaninmu, gobe kowa zai je gidan ɗaya.